Ranar da Wardell Ya Zauna Kan Hular Kwano

Tun ranar Asabar muryata ta dishe, kuma ko a jikina. Kwalejin Tallabena ta bi zakarun ƙwallon nan har gida, su da a da suke gayyato mu farkon shekara don yaransu su samu abin motsa jini, ta lallasa su a gaban iyayensu, ta dawo mana da kofi. Masu surutu a talabijin sai zuba suke, wai sabon ɗakin ɗaga ƙarfe ne, wai dabarar Koci Haskew ce, wai taimakon tsoffin ɗalibai ne. Ban ce ƙarya suke yi ba. Amma duk waɗannan daga baya suka zo. Ni Arzella Gatewood ina da ƙane, sunansa Wardell, kuma tunda ba wanda ya tashi ya faɗi nasa, ni zan faɗa. A aji shida na tsaya da makaranta, saboda haka yadda nake magana haka za ku gani a takarda.

Ni na raini Wardell. Mamanmu Verlene tun duku-duku take fita aikin figar kaji a masana'anta, babanmu kuma ya rasu yaron yana rarrafe, to wa zai zauna da shi? Na ajiye jakar makaranta na ɗauki yaro. Bai daɗe a hannuna ba kuwa, don kafin ka ce me ya fi ƙarfin ɗauka. Yana ɗan shekara sha shida sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin. A ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta sakandaren garinmu Dabney, nan kudancin Mississippi, ɗan katanga ne, wato cikin ƙartin nan biyar da ke jeruwa a gaban mai jifan ƙwallo su tare masa duk wanda ya taho a guje zai murƙushe shi. Ba sa taɓa ƙwallo. Ba a kiran sunansu a lasifika sai sun yi laifi.

Wata babbar makaranta ta aiko mutum har gidanmu, da mota mai sheƙi da haƙora farare. Ya ci abincin Mama ya ƙara, ya ce tun shekarar farko Wardell zai buga, duk ƙasa za ta gan shi. Kuma bai yi ƙarya ba, sun saka shi. Yaro ɗan sha takwas, ƙashinsa bai gama ƙwari ba, aka jera shi gaban magidanta masu gemu, wasunsu har da 'ya'ya a gida. Kafin ganye ya gama zuba daga bishiya gwiwarsa ta tafi. Suka ɗinke shi, suka yi masa fatan alheri, suka aiko mana shi a motar haya da sanduna biyu.

Ya yi zaman baranda har na fara tsoro. Sai wata rana ya tashi ya kama tuƙin motar abincin kaji, da yamma kuma yana zuwa aji a Tallabena, don ita ce kusa, kuma ba ta korar kowa. Yana gamawa ya fara taya masu horarwa ɗaukar kaya. A hankali a hankali har aka ba shi 'yan katanga ya horar.

Tallabena ta wancan lokacin, Allah na tuba, abin tausayi ce. Mutane kan zo ne don 'yan badujala. Da an tafi hutun rabin lokaci sun busa sun yi rawarsu, sai ka ga kowa ya ɗauki matashinsa ya nufi mota. Yaron kirki ba ya zuwa inda ake shan kashi, kuma ba a daina shan kashi sai da yaron kirki. Haka abin yake ta zagayawa kamar kare da jelarsa.

To Wardell sai ya fito da tasa hanyar. Masu zawarcin 'yan wasa ranar Juma'a suke cika filayen manyan garuruwa, inda ake kunna fitilu ana ɗaukar hoto. Shi kuwa ranar Talata yake fita, ranar atisaye, ya bi ƙauyukan da kwalta ke ƙarewa. Ba ya neman yaron da ya riga ya cika. Dogo yake nema, siriri kamar falwaya, wanda kowa ya raina. Takalminsa zai fara kallo, sannan tafin hannunsa, daga nan ya ce a nuna masa kawunnansa. Har taron dangi yake zuwa ba gayyata, ya tsaya kusa da wurin gashi yana kallon kafaɗun mazan gidan.

Na taɓa ce masa, “Kai wai ɗan wasa kake nema ko suruki?”

Ya ce, “Yaya, jikin yaro ɗan sha shida ƙarya yake yi. Kawunsa ne ke faɗin gaskiya.”

Sai kuma dokarsa guda, wadda ta kore masa yara da yawa. Duk ɗan katangar da ya ɗauko, shekarar farko ba ya bugawa. Zai ci, ya ɗaga ƙarfe, ya shiga aji, ya sha duka a atisaye, ranar Asabar kuma ya tsaya gefen fili yana kallo. Dokar kwalejoji ta yarda da haka, shekarar ba ta shiga lissafin shekarunsa na wasa. Amma wane yaro ne yake so? 'Yan tukunya ake ce musu a Tallabena, don Wardell kan ce wake in ka sauke shi bai dahu ba, kai da cikinka.

Ni na fara ganin Lavonte Magee. A kicin ɗin sakandaren Dabney nake aiki, ni ke zuba abinci. Sai ga wannan yaro a layi, tsawo har tsawo, wuya kamar na zalɓe, kai kuwa kamar kabewa, in ya cinye nasa ya bi tiren abokansa da ido. Na gaya wa Wardell. Ya zo ya gani, ya je ya ga kawunnan, ya dawo yana murmushi shi kaɗai. Amma sai ya ja ni gefe.

“Yaya, daga yau ko cokali ɗaya kada ki ƙara masa. Ke 'yar'uwata ce. In aka ji, za a ce da cinyar kaza muka saye shi, a hana mu shi.”

“Yaron nan yunwa yake ji, Wardell.”

“To ki ƙara wa kowa.”

Haka kuwa na yi. Shekarar nan yaran Dabney sun ga abin mamaki, har shugabar kicin ta fara zargin ludayina.

Wardell ya bi yaron nan tun ba wanda ya san sunansa. Amma a shekararsa ta ƙarshe jiki ya fara zuwa, jarida ta buga hotonsa, sai manya suka farka. Motoci suka cika layinsu. Wani koci har jirgi mai saukar ungulu ya sauke a filin makaranta, iskarsa ta kwashe shanyar matar fasto ta watsa a gonar maƙwabta. Kowa da abin da yake faɗa wa yaron, kuma duk abu ɗaya ne: da ka zo za ka buga.

Sai dai duk wanda ya san Dabney ya san ba Lavonte ake zawarci ba, kakarsa ake zawarci. Mama Idella ce ta raine shi. Ita ce shugabar iyaye mata a majami'armu, mai farar hula a layin gaba, wadda in fasto ya ja wa'azi da tsawo sai ta rufe littafinta da ƙarfi, shi kuma ya gane. Ranar da aka ba Tallabena ta zo cin abinci, ta ce in zo in taya ta suya, don ta ce tarwaɗata ta fi tata. Saboda haka ina wurin, da kunnena na ji.

An jera tarwaɗa soyayya, da dafaffen ganye da wuyan talotalo, da burodin masara, da shayi mai ƙanƙara. Koci Haskew, shi ne babba, mutum ne mai ladabi, ya cire hula tun daga baranda. Aka yi addu'a aka fara ci. Mama Idella ba ta ko taɓa cokali ba.

Ta ce, “Waɗancan sun ce tun wasan farko zai buga. Ku fa?”

Haskew ya ce, “Mama, a wurinmu duk yaron da ya nuna ya isa, ƙofa a buɗe take.”

“Ban tambayi ƙofa ba.” Ta juya wajen Wardell. “Kai ɗan Verlene, benci ɗaya muka zauna da uwarka. Faɗa min.”

Wardell ya ajiye cokali. “Ba zai buga ba, Mama. Shekarar farko ko taku ɗaya ba zai yi a cikin fili ba.”

Lavonte ya ɗago. “Koci, jarida fa ta ce ni ne na biyu a duk jihar nan.”

“Jarida ba ta taɓa tare ƙato ba, ɗana. Ƙugunka bai yi ƙwari ba, ƙafarka ta hagu kuma sai ta yi shawara take motsi. A sakandare tsawonka na rufa maka asiri. Can ba zai rufa ba.”

Daga nan ya ja kujera baya, ya naɗe ƙafar wandonsa, a gaban abinci, ya nuna musu gwiwar. Ɗinkin nan kamar layin dogo. Mama Idella ta gyara tabarau ta duba da kyau, kamar mai duba nama a kasuwa.

“Alkawari ne wannan, ko daɗin bakin kan tebur?”

“Alkawari ne, Mama.”

“Koci babba, ka ji abin da yaronka ya ce?”

Haskew bakinsa cike da burodin masara, sai ya gyaɗa kai. Ita kuma ta ɗauki cokalinta.

Ranar sa hannu aka taru a ɗakin wasanni na makaranta, aka jera hulunan kwalejoji uku a kan tebur kamar yadda aka saba, yaro ya zaɓi ɗaya ya saka. Doka ta hana masu horarwa zuwa, Wardell yana can ofis yana cin farce. Hannun Lavonte ya yi ta shawagi a kan hulunan manyan nan. Sai Mama Idella ta yi gyaran murya, ɗan kaɗan. Hannun ya sauka a kan koriyar hular Tallabena. Ya ɗora ta a ka, ta tsaya can ƙoli kamar murfin kwalba, don ba hular da ke shiga kan nan. Na ruga kicin na buga wa Wardell waya. Ya saurara har na gama ba shi labari. Can ya ce, “To yanzu aiki ya same ni.”

Bai san iyakar gaskiyar da ya faɗa ba. Shekarar ta zo da baƙin jini. 'Yan katanga suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan idon sawu, wancan kafaɗa. Aka fara raɗe-raɗin cewa in Haskew bai ci wasan ranar dawowar tsoffin ɗalibai ba, sallamarsa za a yi. Kuma kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai 'ya'ya mata uku a makaranta da uwa a gadon jinya. A satin wasan ya ce Lavonte ya sa cikakkun kaya. Wardell ya yi magana, Haskew ya ce don ko-ta-kwana ne kawai, don abokan hamayya su ga dogo su tsorata.

Ranar ta zo, rana fes, hayaƙin gashi ya rufe wurin ajiye motoci, tsoffin ɗalibai da matansu sun sha ado. Ni da Mama Idella muna layin farko bayan bencin 'yan wasa, kusa har warin zufarsu muke ji. Abokan hamayyar suna da wani ƙato da ke tahowa ta hagu, in ya taso kamar an saki bijimi. Ana dab da hutun rabin lokaci ya bi ta kan ɗan katangarmu na hagun, yaron bai tashi ba sai da aka kawo ƙaramar mota. Waɗanda suka rage a benci biyu ne. Lavonte, da wani Purvis Lott, gajere mai kirki, ɗan ajin ƙarshe da ke karatun haɗa magunguna, wanda bai taɓa shiga wasa ana tsaka da yi ba.

Haskew ya juya ya ce, “Magee, ɗauko hularka.”

Lavonte ya zabura kamar an tsikare shi, fuskarsa duk haƙora. Ya miƙa hannu zai ɗauki hular kwanonsa a kan benci. Wardell ya riga shi. Ban taɓa ganin gurguwar ƙafar nan ta yi sauri haka ba. Ya ɗauki hular, ya kife ta a ƙasa, ya zauna a kai, ya miƙe ƙafarsa ya harɗe hannu.

Ba a shiga fili ba hular kwano, alƙalin wasa ba zai bari ba. Kuma ta Lavonte takanas aka yi odarta saboda girman kansa, duk Tallabena babu ta biyu.

Haskew ya zo ya tsaya a kansa. “Gatewood, tashi.”

“Gwiwata ta gaji, Koci.”

“Ga benci can ba kowa.”

“Nan ya fi min daɗi.”

“Ba wasa nake da kai ba.”

“Ni ma haka. Na yi wa tsohuwar can alkawari, kana zaune.”

“Ni ban ce komai ba ranar. Tauna nake yi.”

“Ka gyaɗa kai.”

“Burodi ne ya tsaya min a wuya.”

“To ka juya ka faɗa mata haka, ga ta nan bayanka.”

Haskew bai juya ba. Mama Idella tana ta fifita da maficin majami'a, idonta a kan ƙeyarsa.

Lavonte ya durƙusa gaban Wardell. “Koci, don Allah. Ni na yarda. Jikina ne fa.”

“Jikinka ne, ɗana. Amma ba kai na yi wa alkawari ba.”

“Za su ce tsoro na ji.”

“Ka ce musu wani ƙaton banza ne ya danne maka hula. Ga shaidu cike da fili.”

Alƙalin wasa ya busa usur yana nuna agogo. Haskew ya dubi fili, ya dubi Wardell, jijiyar wuyansa ta fito. Ya ce, “Lott, shiga.” Sannan ya sunkuya ya ce a hankali, amma na ji, “Ka zauna da kyau, Wardell. Ita ce kujerarka ta ƙarshe a makarantar nan.”

Da aka tafi hutu ya rungumi hular a hammata ya shiga ɗaki da ita, da aka dawo ya sake kife ta ya zauna. Zuwa lokacin duk fili an gane abin da ke faruwa. Aka fara ihu ana jifansa da kofunan roba. Wani mai taye a bayanmu ya ce a kori gurgun nan. Na juya na ce masa, “Gurgun nan ni na raine shi, maimaita in ji.” Bai maimaita ba.

Zan faɗi gaskiya, don ba tatsuniya nake ba ku ba. Purvis ya yi iya yinsa, amma ƙaton nan ratsa shi yake kamar labule. Mai jifanmu, wani yaro mai ladabi daga bakin teku, ya sha ƙasa har na daina kallo, kuma kusan ƙarshe aka fitar da shi da karyayyen ƙashin kafaɗa. An ci mu cin da ba na son tunawa. Wardell ya bi yaron asibiti, uwar ta hana shi shiga, ya zauna a baranda har aka gama ɗaurin. Har gobe matar nan ba ta amsa gaisuwarsa, shi kuma ya ce tana da gaskiya. Na tambaye shi, da ya saki hular, da hakan ba ta faru ba? Ya ce, “Wataƙila, Yaya. Wataƙila kuma su biyu za a kwantar. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.”

Ranar Litinin aka karɓi makullansa. Ya kwaso kayansa a kwali ya dawo ɗakin bayan gidana. Lavonte ya daina ɗaukar wayarsa. Haskew dai bai saka yaron ba a sauran wasannin, don shekara ta riga ta lalace, ga kuma Mama Idella da ba ta sake fashin wasa ba, kullum tana layin farko da maficinta. Shi kansa Haskew da ƙyar ya tsira, aka ce an ba shi shekara guda ta ƙarshe.

Abin da ya ƙona min rai shi ne tsohuwar nan ko sannu ba ta ce wa Wardell ba. Mutum ya rasa aikinsa saboda jikanki, ki wuce shi a ƙofar majami'a ki ce “Barka da Lahadi” kawai? Na ce zan same ta. Wardell ya ce in bari, ba don a gode masa ya yi ba, kuma ba bashi ya ba ta ba. Ya gyara min baranda, ya faskara itacen da zai kai ni shekara biyu, ya fara maganar komawa motar abincin kaji. In na leƙa ta taga sai in gan shi tsaye a tsakar gida yana gwada takun 'yan katanga shi kaɗai, da gurguwar ƙafarsa, yana gyara wa iska tsayuwa.

To a watan Nuwamba ake babban taron matan majami'u na yankinmu, daga ƙananan hukumomi da yawa ake zuwa, a yi waƙa a soya kifi a yi hira. Ni ina wajen kasko, ban ji abin da Mama Idella ta faɗa ba, kuma ba ta hau mumbari ba. Na dai gan ta tana bin tebur tebur da farantinta, tana zama kaɗan tana tashi.

Da Disamba ta kama, Haskew ya fita zawarci da wani sabon mataimaki, matashi mai man gashi. Daga baya shi da bakinsa ya ba ni labari. Ya ce duk gidan da ya ƙwanƙwasa, uwa ko kaka za ta buɗe, ta dube shi, ta leƙa bayansa.

“Ina ɗayan?”

“Wane ɗayan, Mama?”

“Mai zama kan hula.”

In ya fara bayani sai a ce masa yaron ba ya nan, alhali ga takalmansa a baranda. Wani gidan an ba shi ruwa. Ruwa kawai, a Mississippi, da lokacin cin abinci, tukunya na tafasa yana jin ƙanshi. Wanda aka yi wa haka ba ya bukatar a fassara masa. Kuma abin mamaki, har gidajen da motocin manya ke fake a ƙofa, waɗanda Tallabena ba ta taɓa mafarkin takawa ba, suka fara bugo waya ofis suna tambayar ko mutumin nan zai iya leƙowa.

Wata Asabar da hantsi Wardell yana baranda yana gyara min kifi, sai ga motar Haskew ta shigo tsakar gida. Ya fito ya cire hula.

“Barka da gida, Mis Arzella.”

“Barka kadai, Koci. Ka rame.”

“Ba a ba ni abinci a ko'ina.”

Na so in riƙe fuska, dariya ta ƙwace min. Wardell bai ɗago ba, yana ta kankarar kifinsa.

Haskew ya tsaya yana juya hula a hannu. “Akwai wata tsohuwa can bayan kogi, tana da jikoki tagwaye. Kowa na son su. Ta ce in ba tare da kai ba, kada in sake taka mata ciyawa.”

“Ai ni yanzu direba ne, Koci.”

“Wardell, kada ka sa in roƙe ka a gaban yayarka.”

Na ce, “Roƙe shi mana, ni ba na gulma.”

Wardell ya jefa kifi a roba ya ɗauki wani. “In na shiga gidan, abin da na faɗa wa Mama Idella shi zan faɗa mata. Shekarar farko ba sa bugawa.”

“Na sani.”

“Kuma wannan karon da bakinka za ka faɗa, kafin a kawo abinci.”

Haskew ya zauna a kan matakala, ya yi ajiyar zuciya. “Ka san abin da kake nema? Shekara ɗaya ta rage min. In na zaunar da mafi kyawun yaran da na taɓa samu, aka sake cin mu, ni da kai duk waje za mu yi.”

“Zai yiwu. Amma baɗi Lavonte ya sauka daga wuta, shi da 'yan ajinsu. Ka gan su kwanan nan?”

“Na gan su. Jiya Magee ya ɗaga ƙarfen da ba wanda ya taɓa ɗagawa a makarantar. Yana ajiyewa ya tambaye ni yaushe za ka dawo. Ya ce in gaya maka har yanzu fushi yake da kai, amma ƙafar hagun ta daina shawara.”

Nan ne wuƙar Wardell ta tsaya. Ya juya fuska wajen itacen da ya faskara, ya daɗe yana kallo kamar bai taɓa ganinsu ba. Ni na san ƙanena, sai na shiga ciki na kawo shayi don in ba shi wuri.

Da na fito Haskew yana cewa, “To hau mota.”

“Bari in gama kifin yayata.”

Haskew ya dubi robar, ya ga da saura da yawa. Ya naɗe hannun farar rigarsa, ya ce in ara masa wuƙa. Bai iya ba ko kaɗan, rabin naman ya tafi da fata. Suka gama, suka wanke hannu a famfon waje da sabulun wanki, wanda bai hana komai ba, suka shiga mota suna ƙarnin kifi.

Abin da ya biyo baya ba dare ɗaya ya zo ba. Shekarar da ta biyo sun ci rabi an ci su rabi, da ƙyar aka bar su. Wadda ta bi mata katangar nan ta tsaya, mai jifa ya samu sukunin duba fili, masu gudu suka samu hanya, mutane suka daina tafiya bayan badujala. Da aka fara ci, sai yara masu jifa da masu gudu suka fara zuwa da kansu, don kowa na son tsayawa bayan katangar da ba ta zuba. Lavonte ya buga shekarunsa huɗu bai taɓa kwana a asibiti ba, ya fita da takardar digiri da gwiwoyinsa biyu. Wardell kuwa har yau mataimaki ne, an sha kiransa manyan wurare, ya ce tsoffin can ba su san shi ba.

Amma a ranar ba wanda ya san haka. Su biyu ne kawai a mota, ɗaya korarre, ɗaya saura ƙiris. Wardell ya ce min sun tsallaka kogi, suka bi hanyar tsakuwa har ƙarshenta, Haskew ya ƙwanƙwasa. Tsohuwar, kakar tagwayen, ta buɗe ƙofa rabi, ta dube shi, ta leƙa bayansa. Ta kalli Wardell daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan ƙafar da yake ɗingisawa.

“Kai ne?”

“Ni ne, Mama.”

Ta cire sarƙar ƙofa. “To ku shigo. Kai babban, an ce min kana da magana da ni kafin in sauke tukunya.”